Hukuncin Bin Ɗan Jagora Kallon Tukwanen Mutanen Andis a Gidan Tarihi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin gona ne, an turo mu birnin Lima na ƙasar Peru horon wata biyu kan irin dankalin Turawa. Cikin tsarin da aka ba mu, ranar Asabar za a kai mu gidan tarihin Larco, inda ɗan jagora zai zagaya da mu yana nuna mana tukwanen mutanen da, wasu da siffar mutum, wasu da siffar dabba, wasu kuma na abin bautarsu ne, yana yi mana bayanin abin da suka yi imani da shi. Abokin tafiyata ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, don gidan gumaka ne kuma mala'iku ba sa shiga. An kuma ce akwai wani ɗaki na tukwanen batsa. Daga baya za mu je birnin Kusko da ke cikin tsaunukan ƙasar, inda na ji ana sa baƙi su zuba wa ƙasa abin sha. Ina kuma so in sayo wa iyali tsaraba. Malam, in je ko in zauna a masauki?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka je. Shiga gidan tarihi don ilimi da ɗaukar izina halal ne a abin da na rinjayar, sauraron bayanin ɗan jagora halal ne, kuɗin ƙofa da ladan jagoran su ma halal ne. Abu uku ne na hana ka: ɗakin batsa, sa hannu a kowane irin zube ko roƙo da ake yi wa wanin Allah, da ɗauko siffar abin bautarsu ka kawo gida. Abokinka kuma kada ka matsa masa, yana da madogara, zan zo kanta.

Hukunci a kan abu yana bin sanin abin, don haka mu fara duba me ke cikin gidan. Rafael Larco Hoyle ne ya kafa shi a 1926 a gonar rakensu ta Chiclín kusa da Trujillo a arewacin ƙasar, daga baya aka dawo da kayan Lima, unguwar Pueblo Libre. Kayan sun kai kusan 45,000, kuma ɗakin ajiyarsu a buɗe yake ga baƙi, tukwane dubbai jere a kan kanta tun daga ƙasa har kusa da rufi. Mafi shahara cikinsu na mutanen Moce ne, waɗanda suka rayu a gaɓar teku ta arewa tsakanin shekara ta 100 zuwa 800 Miladiyya, cikin hamadar da suka raya da magudanan ruwa da suka haƙa daga koguna. Maginansu suna danna yumɓu cikin abin zubi mai ɓari biyu, kamar yadda ake buga bulo, su shafa masa farar ƙasa da ja, su gasa. Alamar tulunsu ita ce mariƙi mai kama da likkafar sirdi, wanda bakin tulun yake fitowa daga samansa. Larco da kansa ya duba yadda siffar wannan bakin take sauyawa, ya kasa zamanin Moce gida biyar da ita.

Siffofin kuwa ba irin wanda babu. Akwai tulu mai siffar masara, da kabewa, da gyaɗa, da dankali. Kai da kake aikin dankali za ka tarar da abin da ake ce wa na Turawa an gina shi da yumɓu ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya taɓa ganinsa, don a tsaunukan Andis ɗin nan asalinsa yake. Akwai tsuntsaye da kifaye da kwaɗi. Akwai tuluna masu siffar kan mutum, da rawaninsa da 'yan kunnensa, wani har da tabo a leɓe, kai ka ce maƙwabcinka ne. Akwai kuma waɗanda aka zana wa yaƙi da farautar barewa da yanka fursunoni, da wata halitta mai fuskar mutum da fiƙar damisa da ɗamarar macizai, wadda ake ce wa Ai Apaec. Wannan na ƙarshe abin bauta ne, ba ja.

To asalin duba kufan mutanen da, Alƙur'ani ne ya yi umarni da shi, kuma ya maimaita. A Suratur Rum aya ta 42 Allah yana cewa: "Ka ce, ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, mafi yawansu masu shirka ne." Ka lura da ƙarshen ayar. Allah ya san abin da za mu tarar kufan mushirikai ne, ya faɗa mana haka, kuma ya ce mu duba. Irin wannan umarni ya zo a Ali Imrana 137, da An'am 11, da Ghafir 82 inda aka ambaci ƙarfinsu da abin da suka bari a bayan ƙasa. Game da Fir'auna kuma aka ce a Yunus 92 za a tsirar da gangar jikinsa don ya zama aya ga na bayansa. Aya ba ta zama aya sai an gan ta.

Jin labarin abin da suka bauta wa ma haka yake. Alƙur'ani ya kira gumakan mutanen Annabi Nuhu da sunayensu: Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru. Ya kira Lata da Uzza da Manata. Ya hakaito maganar Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, muna kuma karanta ta a cikin salla. Daga nan malamai suka ɗauki ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, balle mai sauraro. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa sahabbai sukan zauna bayan Asuba suna tuna al'amuran jahiliyya suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi. Huzaifa ya ce mutane suna tambayar Manzo game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Malamai sun bi wannan hanya: Ibnul Kalbi ya tattara labarin gumakan Larabawa, Biruni ya zauna da Hindu ya koyi harshensu ya rubuta abin da suke bautawa, Shahrastani ya jero addinai ɗaya bayan ɗaya. Mu ma nan gida muna gaya wa yara labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, ban taɓa jin wanda ya ce mai ba da labarin ya yi ridda ba.

Yanzu ga madogarar abokinka, kuma ba ƙarama ba ce. Hadisin Abu Ɗalha a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura ingantacce ne. Masu sharhi irin su Nawawi sun ce mala'ikun rahama da albarka ake nufi, masu rubuta aiki kuwa ba sa rabuwa da mutum. Hadisin yana ba da labarin asarar da mai gida ya jawo wa gidansa ne da ya ajiye surar. Ko yana haramta wa baƙo shiga? A nan malamai suka saɓa. Ibnu Ƙudama na Hambaliyya ya ce shiga gidan da ke da sura ba haram ba ne, ya kafa hujja da labarin da ya zo cewa Kiristocin Sham sun shirya wa Sayyidina Umar abinci a coci, ya ƙi shiga, amma ya ce wa Sayyidina Ali ya tafi da mutane, Ali ya shiga suka ci yana duban surorin. Ɗabari kuma ya kawo cewa da aka ci Mada'in a shekara ta 16 bayan Hijira, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi salla a fadar Kisra alhali da mutum-mutumin mutane da dawakai a ciki, bai gusar da su ba. Waɗannan ruwayoyin tarihi ne, ban ɗora su a matsayin hadisin Bukhari ba, amma suna nuna yadda magabata suka fahimci al'amarin.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi tsanani a wuri guda, kuma amana ce in faɗa maka. Shehu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar na Khalil a babin walima, ya ce surar da take haram ita ce ta mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ya ƙara da cewa kallonta ma haram ne domin kallon haram haram ne. Amma wadda aka tauye mata wata gaɓa ya halatta a kalle ta, wadda kuma ba ta da inuwa, kamar zane a bango ko takarda, makaruhi ce in ba wulaƙantacciya ba ce. Ɗauki wannan sikeli ka shiga da shi gidan Larco. Tulun masara da na dankali sun fita tun farko, ba rai. Zanen da ke jikin tulu ba shi da inuwa. Tulun kan mutum, wanda shi ne abin alfaharin gidan, kai ne kawai ba gangar jiki, ya shiga cikin mai tauyayyar gaɓa. Abin da ya rage shi ne cikakkun siffofi, kamar mayaƙi a durƙushe da kulkinsa ko tsuntsu da fukafukansa.

A kan waɗannan ga abin da nake gani. Maganar Dardir ta zo ne a wurin walima, inda mai gida ya kafa sura don ado da taƙama, zaman baƙo a gabanta kuma yarda ce da abin da aka yi. Gidan tarihi wani abu ne daban. Tulun yana bayan gilashi da lamba a gindinsa, ba mai yi masa sujada, ba mai yanka masa, ba mai tsoronsa. Wanda aka taɓa zubar da jinin mutane dominsa yau ma'aikaci ne ke kaɗe masa ƙura. Abin da aka haramta don toshe hanyar ɓarna, malaman usulu sun ce yakan halatta idan maslaha mai rinjaye ta zo, kuma ilimi da izina maslaha ce da nassi ya kira mu gare ta. Wannan ita ce fatawar da hukumar fatawa ta Masar take bayarwa game da gidajen tarihi, ita nake rinjayarwa. Wasu malaman sun hana, suna tsoron girmama abin da Allah ya wulaƙanta. Wanda ya bi su don tsantseni ya kyauta wa kansa, kada ka kira shi mai tsauri, shi ma kada ya kira ka mai sakaci.

Sharaɗin dai shi ne niyya ta zama ta gaske. Wanda ya san zuciyarsa mai rauni ce, ko bai san tauhidinsa da kyau ba har duk abin da aka faɗa masa da daɗin baki yakan zauna masa, zamansa a masauki ya fi.

Wani zai kawo hadisin Hijir, lokacin da Annabi (SAW) ya ratsa gidajen Samudawa a hanyar Tabuka ya ce kada ku shiga wurin waɗannan da aka azabtar sai kuna masu kuka, ya rufe kansa ya sa taguwarsa sauri. Hadisin da kansa ya buɗe ƙofar shiga ga mai izina. Ban da haka, Samudawa an aiko musu Annabi Salihu, suka ƙaryata, suka soke taguwa, azaba ta sauka a daidai wannan wuri, Alƙur'ani ya shaida. Mutanen Moce fa? Suna gina waɗannan tuluna a daidai shekarun da ake saukar da Alƙur'ani a Makka da Madina, da teku biyu tsakaninsu da sauran duniya, kuma ba mu da nassi a kan su. Mun san Allah ya ce babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta (Faɗir 24), ya kuma ce akwai manzannin da bai ba mu labarinsu ba (Ghafir 78), ya ce ba ya azaba sai ya aiko manzo (Isra'i 15). Aikinsu shirka ne, wannan za ka faɗa kai tsaye. Makomar ɗaiɗaikunsu kuwa tana hannun Allah. Malamai sun yi magana a kan mutanen da saƙo bai iske ba, wasu suka ce masu tsira ne, wasu suka ce za a jarraba su ranar ƙiyama. Saboda haka ba ruwanka da tsine musu, kuma gidan Larco ba wurin saukar azaba ba ne. Abin da za ka ɗauka daga hadisin shi ne ladabinsa, wato kada ka shiga kana shewa kamar ɗan kallon dambe.

Wurin da izina za ta kama ka ma na san shi. Akwai zanen da ake maimaitawa a tulunan Moce: fursunoni tsirara da igiya a wuya, ana yanke musu maƙogwaro, ana tarar jinin a ƙoƙo a miƙa wa wani babba mai hular zinariya. An daɗe ana ɗauka tatsuniyar allolinsu ce. A 1987 ɓarayin kabari suka fasa wani tudu a Sipan da ke arewacin ƙasar, masanin kayan tarihi Walter Alva ya bi sawu ya tono kabarin wani sarki da kayan ado irin na babban da ke cikin zanen, har da abin wuya na ƙwarar gyaɗa 20, goma na zinariya goma na azurfa. A tsakiyar shekarun 1990 kuma aka tono ƙasusuwan mutum wajen 70 a Huaca de la Luna, wani wurin bautar Moce kusa da Trujillo, da alamar wuƙa a ƙashin wuyansu, wasu kwance cikin laka da ruwan sama mai yawa ya kawo. Ashe da gaske ake yi. Mutanen da suka iya juya kogi ya shayar da hamada, suka iya fitar da tabon leɓe a yumɓu, su ne suke yanka 'yan'uwansu don sama ta yi shiru. Idan ka tsaya gaban wannan tulu ka tuna ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, ka ce alhamdu lillahi ala ni'imatil Islam, kuɗin ƙofarka bai faɗi ba.

Sai maganar ɗan jagora. Ladansa ijara ce a kan amfani halattacce, wato bayani. Amma ka riƙe abu guda: mutanen Moce ba su bar rubutu ba. Sunan Ai Apaec ɗin ma Larco ne ya ɗauko daga tsohon harshen yankin ya laƙaba wa siffar. Idan jagora ya ce maka tsuntsu yana nufin duniyar sama, damisa duniyar nan, maciji duniyar ƙarƙashi, fassarar masu bincike ce da suka haɗa daga zane da kaburbura da abin da Sifaniyawa suka rubuta game da Inka, masu daular da suka tarar a ƙasar, bayan zuwansu a 1532. Ka ji ta a matsayin zato mai ƙarfi ko mai rauni. Kuma masu wannan sana'a bakinsu da zuma. Wani zai ce maka magabatansa sun fi kowa fahimtar ƙasa, wani zai ce duk addinai abu ɗaya suke nema. Ba dole ka tsayar da tawaga ka buɗe muhawara ba, ƙi da zuciya ya wadatar, in kuma dama ta samu ka faɗi naka cikin ladabi. Ayar Nisa'i 140 da ta hana zama inda ake izgili da ayoyin Allah tana aiki ne idan ya juyo kan Allah ko Annabawa ko Alƙur'ani da ba'a. A nan sai ka yi magana ko ka matsa gaba har ya sauya zance. Kai ma kada ka zagi abin da suke girmamawa, An'am 108 ta hana, ga shi kuma mai yiwuwa jagoran jikan mutanen ne.

Ɗakin batsa ba ya bukatar dogon bayani. Tuluna ne da ke nuna tsiraici da saduwa ƙuru-ƙuru, an ce suna da alaƙa da imaninsu game da haihuwa da matattu. Ko ma mene ne ma'anarsu, Suratun Nur 30 ta ce a runtse ido, kuma kasancewar abin yumɓu ne bai canza abin da yake tayarwa a zuciya ba, musamman ga mutumin da ya baro iyalinsa wata biyu, cikin tawagar maza da mata. Allah ya sa a gidan Larco ɗakin a ware yake, sai ka ratsa lambu kafin ka kai shi. Ka zauna a lambun ka jira su. Idan idonka ya faɗa kan irinsa a ɗakin ajiya, ka kawar, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Jarir game da kallon ba-zata. Mai binciken da aikinsa ya tilasta masa yana da nasa hukuncin gwargwadon bukata, kai kuwa dankali ya kai ka.

Inda gizo ke saƙa shi ne Kusko. Tulun da ke bayan gilashi bautarsa ta mutu, amma a tsaunuka har yau akwai masu zuba wa Pacamama, wato ƙasa da suke ɗauka uwa, ɗigon giyar masara kafin su sha, da masu haɗa ganyen koka uku su hura musu iska suna fuskantar duwatsu suna roƙo, da masu ƙulla hadaya a takarda su ƙona ko su binne. Masu yawon buɗe ido sun mai da abin nishaɗi, za a miƙo maka ƙoƙo da murmushi a ce al'ada ce kawai, godiya ce ga ƙasa. Kada ka karɓa. Wannan shi ne abin da Allah ya zargi Larabawa da shi a An'am 136, ware wa wanin Allah rabo daga amfanin gona da dabbobi, kuma bai bambanta da nonon da 'yan bori ke zuba wa iskoki a gindin tsamiya ba. Cewa "ni ban yi imani da shi ba, kara na yi" ba ta wanke mutum. Sahabbai sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu bishiyar rataye makamai don albarka irin ta mushirikai, Zatu Anwaɗ, ya yi kabbara ya ce sun faɗi irin abin da Banu Isra'ila suka faɗa wa Musa. Haka nan idan aka ce ka dafa wani dutse ka ja ƙarfi daga jikinsa. Sayyidina Umar ya ce wa Hajarul Aswad kansa, na san kai dutse ne, ba ka cutarwa ba ka amfanarwa. To ina ga dutsen Inka? Ka ce musu "no, gracias", ka ja da baya, kada ka tsaya cikin da'irar masu yi. Ganin ginin da jin tarihinsa yana nan a halaccinsa.

Tunda an zo kan abin sha: abin shansu na masara da suke kira cica iri biyu ce. Ta jora giya ce, haram. Morada, ta masara mai launin shuni, dafawa ake yi da abarba da kirfa, ba ta sa maye, ka sha abinka. Pisko kuwa barasa ce tsantsa, da ita suke yawan tarar baƙi. Ganyen koka, wanda daga shi ake yin hodar iblis, kada ko ɗaya ya shiga jakarka ta dawowa, abin da doka ta ƙyale a Kusko laifi ne babba a filin jirgin Legas ko Abuja.

Tsaraba. Hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Kwafin Ai Apaec ko duk wata siffar abin bauta ba ya halatta ka saya ko ka karɓa kyauta, kuma a nan ne hadisin mala'iku yake hawa kanka kai tsaye, don gidanka ne za ka kai. Tulun kan mutum, ko da ƙa'idar Malikiyya ta sassauta masa, wasu malaman sun ce kai shi ne surar, barinsa ya fi mini. Akwai kuma 'yan bijimai na yumɓu da ake kira na Pucará, waɗanda ake ɗorawa a kan rufin gida don tsari, da wani ɗan iri ja da baƙi da ake ɗaurawa a hannu don sa'a; waɗannan kambu ne da sunan ado, ka bar su. Ka sayi tulu mai siffar masara ko dankali, ko kasko mai zanen layi, ko bargon gashin alfaka, wata dabbarsu mai gashi mai laushi, uwargida ma za ta fi murna da shi. Idan kuma wani ya ja ka gefe ya ce yana da na asali, tsohon gaske, ka gudu. Galibinsu daga kaburbura ake sato su, Imam Malik ya ƙi tonon kaburburan jahiliyya don neman dukiya, dokar Peru ta hana fitar da su, kai kuma da amana ka shiga ƙasar.

Hoto don nuna wa ɗalibai ko iyali ba laifi a wurin malaman da suka halatta hoton kyamara, muddin ba na batsa ba ne kuma ba ka tsaya jikin gunki kana washe baki ba. Idan aka kai ku inda ake nuna gawa, kamar yarinyar da aka samo a ƙanƙarar dutsen Ampato a 1995 wadda take Arekipa, ka tuna ɗiyar wasu ce aka kashe don tsafi. Annabi (SAW) ya miƙe wa gawar Bayahude ya ce, ashe ba rai ba ce? Ka duba da nutsuwa ka wuce, ba na son ka ɗauki hotonta.

Salla kuma kada ka yi ta a cikin ɗakunan tuluna. Ibnu Abbas yakan yi salla a coci amma ban da wanda ke da mutum-mutumi. Wata biyu za ka yi a Lima, ka wuce kwana huɗu, don haka kai mazauni ne, cikawa za ka yi. Ka tafi da alwala, in Azahar ta same ku a can ka nemi gefe mai tsabta a lambu, alƙibla daga Lima gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Ka gaishe da abokin naka, in ka dawo ka ba shi labarin tulun dankalin.

Wallahu a'alamu.